Ranar da Na Tashi Bikin Adarawo

Ku 'ya'yana, kun taso kuna jin ana kirana Dudu Tashi-Biki, kuma na san irin damben da kuka sha a makaranta saboda sunan nan. Kai Buba har haƙori ka bari a can. Kun ji masu cewa iskokai ne suka hau ni rannan, kun ji masu cewa fushi na yi don ba a yi mini liƙi ba, har da masu cewa da ni ake raba kayan sata. Tabon da ke hannuna na dama kuwa, ni da bakina na ce muku kwanon rufi ne ya yanke ni. To, yanzu da gwiwa ta fara yi mini gardama, jikoki kuma suka fara tambaya, gara ku ji daga gare ni, kada wata mai bakin ganga ta riga ni bayan na kwanta dama.

Shekarar da 'yan bindiga suka shiga garinmu Mubi muka zo Jimeta, rabin hanya a ƙafa, rabi a bayan motar shanu. Babanku ya ce mu yi gaba zai biyo mu, kuma har yau bai biyo ba. Wannan ciwo ne daban, ba zan buɗe shi a nan ba. Muna zaune a gindin wata bishiya kusa da tasha, ke Hauwa kina bayana kina kukan yunwa, sai ga wata mata ƙatuwa da jakar littattafai ta tsaya a kanmu tana kallo. Ita ce Madam Saratu, malamar firamare, mutuniyar Numan, wadda mijinta ya rasu ya bar ta da 'ya ɗaya, Rahila. Ba ta tambayi addinina ba, ba ta tambayi garinmu ba.

"Kai, mata, yaran nan duka naka ne? Tashi ka bi ni, rana zai kashe su."

Haka muka shiga gidanta na unguwar Demsawo. Ta kwashe buhunan da ke ɗakin ajiya ta ba mu, ta ware mini tukunyata daban, ta nuna mini gabas da kanta. A ɗakin da ke kusa da namu kuwa kayan auren Rahila ne a jibge: keken ɗinki sabo, akwatuna, kwanuka, katifa ko ledarta ba a cire ba. Shekara da shekaru Madam tana tsakurar albashinta tana tara su, kuma duk baƙon da ya zo sai ta buɗe ɗakin ta nuna masa. Na sha gaya mata ba a yi wa dukiya haka, ta ce ita ba ta da maƙiyi.

Kun san kiɗan ƙwarya gado ne a wurinmu. Kakata ta yi, Dadata da ta haife ni ta yi, ni ma tun ban iya ɗaura zani ba nake amshi. Ƙoraina duka a Mubi na baro su, amma hannu bai san gudun hijira ba. In ina wanke-wanke sai in tsinci kaina ina buga bayan kwano, in ina tsintar shinkafa ina buga tire. Wata rana Madam ta dawo daga kasuwa da ƙorai a kanta ta dire su a gabana.

"Ga shi, ka bar mini kwanuka na su huta. Duk ka lotsa su."

Na rungume ƙoran nan na yi kukan da ban yi ba tun barinmu gida. A sunan wata maƙwabciya na fara buga su, kuma a nan Adda Mairo ta ji ni. Dillaliya ce, mai shiga gida-gida da atamfa da gwal da wayoyin hannu, fara, mai sanyin murya, ba gidan wani babba a Yola da Jimeta da ba ta san inda ake ajiye tsintsiyarsa ba. Ita ta ɗinka mini kayan fita, ta samo mini 'yan amshi, ta yi hayar lasifika, ta dinga kai ni gidajen da ko a mafarki ban taka ba. A lokacin an sa dokar hana fita da dare, ga tsoron bam a duk inda aka taru, don haka biki duk ya koma na rana. Mata su kulle gidaje su fito ƙwansu da ƙwarƙwatarsu, maza suna ofis ko kasuwa, unguwa ta zama wayam. Cikin 'yan watanni sunana ya zaga gari, kuka koma makaranta, kuka fara cin nama ba sai da salla ba.

Sai na bayyana muku ƙa'idoji biyu na sana'armu, don a kansu komai ya rataya. Ta farko, matar da ake yi wa takenta ba ta barin fili sai mai waƙa ta sake ta. Ko fitsari take ji sai ta daure, don fita a tsakiyar take abin kunya ne gare ta da danginta. Ta biyu, akwai ƙaramar ƙwarya da muke kifewa a kan ruwa cikin baho, ita ce mai zurfin murya. In mai waƙa ta ɗaga ta, ta tuntsurar da ruwan a ƙasa, ta rera waƙar sallama, biki ya tashi ke nan, ko uwar amarya ba ta isa ta mayar da shi ba. A shekarun nan na tsoro ma abin ya fi haka, don mata na ganin ruwa a ƙasa ba sa tsayawa tambaya, kowa sai ta suri mayafi da yaro ta nemi keke mai ƙafa uku.

Adda Mairo kullum a gefena take zama. Takan raɗa mini, ja taken wance, kada ki sake ta da wuri. Ni a wautata na ɗauka don liƙi ne. Sai aka fara cewa an fasa gidan wance da rana tsaka tana wurin biki, bayan sati biyu kuma gidan wance. Yaran nan masu ƙwace a keke ake zargi, kowa na tsine musu, ni ma ina tayawa. Ruwa dai ba ya tsami banza, amma mai jin yunwa ba ya son dogon tunani. Ranar da idona ya buɗe, na je gidan Adda Mairo karɓar ɗinki, sai na ga wani tiren shayi mai zanen dabino a ƙarƙashin gadonta. Na san tiren nan, don a kansa aka kawo mini shayi a gidan wata matar da na riƙe a fili har ƙafarta ta kumbura, aka kuma fasa gidanta rannan. Na tambaye ta. Ko gezau ba ta yi ba, sai ma ta jawo mini kujera.

"Zauna, Dudu. Na ɗauka kin daɗe da ganewa. Ke yanzu kina tsammanin waƙa na gina gida? Dadarki ta mutu ta bar miki me, ban da ƙorai? Ki riƙe mini mata a fili shekara ɗaya tak, in buɗe miki shago, in kama miki gida mai ƙofarki ke kaɗai. Daga nan ki jefar da ƙwaryar, ki zauna ki zama Hajiya. Ba ki fasa ƙofar kowa ba, ba ki ɗauki allurar kowa ba. Waƙa kawai kika yi."

Da na ce muku na miƙe na tofa mata yawu, da na yi ƙarya. Cewa na yi ta ba ni lokaci. Na koma gida ina kallonku kuna kwance kamar kifin gwangwani a ɗakin ajiyar mutane, ina ta hango gida mai ƙofata ni kaɗai. Amma duk lokacin da na ɗauki sanda zan gwada sabuwar waƙa, sai tiren nan ya faɗo mini a rai, muryar ta maƙale. Abin da ya fi ba ni tsoro ke nan. Na rasa miji, na rasa gari, waƙar nan kaɗai ta biyo ni daga Mubi, ga shi ita ma tana neman ƙin fitowa.

Ina cikin wannan hali bikin Adarawo ya zo. Hajiya Dija ta unguwar Adarawo, shugabar makarantar su Madam, za ta aurar da 'yarta ta fari, Aisatu. Malamai mata kaf an gayyace su, Madam da Rahila sun yi anko tun da wata guda. Ranar Asabar ce, ku kuna Islamiyya, gida ba kowa. Mun shimfiɗa tabarma, an cika baho da ruwa, ina ɗaura ɗankwali, sai Adda Mairo ta matso ta fara jero mini sunayen waɗanda zan riƙe. Na ƙarshe ta ce Madam Saratu.

"Adda, Madam fa kika ce? Gidan da 'ya'yana ke kwana?"

"Shi ya sa. Wa zai zarge ki? Na gaya wa yarana masu shiga gidajen kada su taɓa ɗakinku."

"Kayan auren marainiya ne, Adda."

"Kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Wannan leshin da ke jikinki daga sama ya faɗo?" Ta gyara mini bakin ɗankwalin da hannunta, tana murmushi don masu kallo. "Af, Nenne har yanzu ta bayan kasuwa take bi in za ta makaranta, ko? Yarinya mai hankali."

Ke Nenne, a lokacin ko goma ba ki kai ba. Ba halin in tashi in raɗa wa Madam, don Adda Mairo na manne da ni, kuma ko na tsirar da ita, sauran matan fa? Na ɗauki sanda na fara. Gidan ya cika maƙil, rumfa har waje, ga manyan tukwane suna tafasa a bayan gida. Na yi taken uwar amarya, na yi na goggonninta, sannan na shiga na Madam. Wayyo Madam! Ta faɗo fili da jikin nan nata tana juyi, gumi na zuba, tana nuna ni da jaka tana gaya wa duk wanda ke kusa da ita:

"Nawa ne wannan! A gida na yake! Ni na saya masa ƙwarya!"

Ana cikin haka aka fito da amarya, lulluɓe, ƙawaye na riƙe da ita. Madam ta kama hannunta don ita ta koyar da ita a aji ɗaya. Na juya kiɗa zuwa waƙar amarya, wadda na tsara wa Aisatu ita kaɗai:

Amarya, tako a hankali, ƙasar gidanku ce,
Gobe...

A kan "gobe" ɗin nan na ga babban yatsan Adda Mairo ya danna wayarta a ƙarƙashin mayafi. Na san me ke nan: ta saki yaran. Ban yi wani dogon tunani ba, kada ku ɗauka jarumtaka ce na zauna na tsara. Abin da na ji kawai shi ne, in na ƙarasa baitin nan, har in mutu ba zan sake buɗe baki in ji waƙa tawa ce ba. Na ajiye sanda. Na sa hannu biyu na ɗaga ƙwaryar daga kan ruwa, na tuntsurar da bahon da ƙafa. Ruwa ya malala har ƙarƙashin takalmin amarya. Na miƙe tsaye na ɗaga murya iyakar ƙarfina:

Mai gida ta nufi gida, taro ya watse,
Kowa ta je ta ga ƙofarta.

Ko la'asar ba a kira ba. Sai wata ta ce "Innalillahi, an ji wani abu ne?" Shi ke nan. Mata suka dare, kujeru na faɗuwa, ana kiran yara, ana rububin keke a bakin titi. Kafin ka ce kwabo rumfa ta zama fayau, sai takalma warin-wari da amarya tsaye a cikin ruwa tana kuka. Hajiya Dija ta tako har gabana. Da ta zage ni da ya fi mini sauƙi.

"Dudu, me na yi miki? Ko abinci ba a raba ba. 'Yata ta fari, Dudu."

Na sunkuyar da kai. Adda Mairo ta tattara mayafinta, ta ce mini a hankali na kashe bakina da hannuna, ta fita.

Su Madam sun tarar da kwaɗo a karye, keken ɗinki a tsakar gida, katifa a jingine da katanga. Yaran sun ji tsayawar keke suka haura da akwati ɗaya. Sauran matan ma haka, wata ta tarar da su a falo, wata ta ci karo da su a lungu, abin da aka rasa kaɗan ne. Amma ba wanda ya haɗa wannan da wancan, sai Madam. Washegari da ta dawo daga coci ta kira ni ɗakinta ta rufe ƙofa.

"Dudu, ni malama ne. Na san yaro da ya yi kuskure, na san wanda ya yi da gangan. Gaya mini."

Na gaya mata duka, har da cewa na nemi a ba ni lokaci. Ta miƙe za ta ofishin 'yan sanda, na riƙe ƙafarta na ce ta tuna barazanar da aka yi mini a kan Nenne. Ta daɗe a tsaye tana huci, sannan ta yi mini alkawari ba za ta buɗe baki ba muddin matar nan na yawo a gari. Daga ranar ita ke kai ku makaranta da kanta, ita ke dawo da ku. Kun sha mita wai Madam ta cika takura, to ga dalili.

Ba a yi sati ba, ina tafe a gefen titi da cefane, keke ya rage gudu a kusa da ni. Ban ga fuska ba, zafin yanka kawai na ji daga gwiwar hannu zuwa wuyan hannu. Sun san hannun da za su nema. An ɗinke, ya warke, amma yatsu biyu suka ƙi lanƙwasuwa har yau. Gayyata kuwa ta ɗauke ƙaf. Wa zai kira mai waƙar da ke tashin biki kafin a ci abinci? A nan sunan ya samo asali. In na wuce sai in ji yara na rerawa a bayana, manya na dariya ƙasa-ƙasa. Na ji zafin abin ƙwarai, ba zan ɓoye muku ba, musamman da na ji an kai Aisatu ɗakinta shiru ba kiɗa.

Sai na bi matan unguwa zuwa bakin tafkin Njuwa aikin ƙodago, dashen shinkafa da tsinkar alayyafo. Kuna tuna lokacin da nake dawowa da taɓo har gwiwa. A can, ina sunkuye cikin ruwa, wata rana waƙa ta fito da kanta, tas, ba maƙalewa. Matan suka amsa. Da aka tashi hutu na kife wani baho na gwada da hagu. Da farko kamar akuya na tafiya a kan kwano, suka yi ta yi mini dariya, wata tsohuwa ta ce in bari kada in kori kifin mutane. Ban bari ba. Kafin shinkafa ta nuna hagu ta koyi abin da dama ta sani, har ta ƙaro wani salo mai ɗan tsalle da yanzu ake cewa kiɗan Dudu. Matan bakin tafki suka fara kirana suna da kamu, a sallame ni da shinkafa ko busasshen kifi. Ban taɓa jin daɗin waƙa kamar a shekarar nan ba, don duk wadda na riƙe a fili, don ta ji daɗi na riƙe ta. 'Yan amshin da nake yawo da su har yau, da muka je da su Gombe da Jalingo, muka shiga rediyo, kuɗin waƙarmu ya gina gidan nan da kuke zaune, duk daga cikin taɓon nan na samo su.

Rana dubu ta ɓarawo, rana ɗaya ta mai kaya. Aka kama ɗaya daga cikin yaran, ya yi bayani, aka zo aka tafi da Adda Mairo da kayan da suka cika mota. Madam na jin labari ta ɗaura ɗankwalinta na zuwa coci, ko abinci ba ta tsaya ci ba, ta hau keke sai Adarawo. Ban san me ta faɗa ba, amma na san Madam, na tabbata har maƙwabta sun ji. Bayan kwana biyu ina tsakar gida ina wanke ƙafa, sai ga sallamar Hajiya Dija. Na rasa inda zan sa kaina. Ta ƙi zama a kujera, ta zauna a tabarmata, ta kama hannuna na dama ta daɗe tana duban tabon.

"Aisatu ta haihu, an samu mace. Amma ba suna na zo kiran ki ba. Bikina kika bari a rabi, Dudu. Ki zo ki ƙarasa mini."

Ranar da aka sa, gidan ya fi na farko cika. Rumfa a inda take, baho a inda yake, matan da suka watse rannan duk sun dawo, har da waɗanda suka fi kowa yi mini dariya. Madam ta zo da Rahila, wadda ta yi aure a tsakani, ga ta da tsohon ciki. Ban yi taken kowa ba. Na ce a fito da amarya. Aka fito da Aisatu cikin kayanta na wancan biki, sai da aka buɗe ɗinkin don ya shige ta, ga jaririya a bayanta. Ta tsaya daidai inda ruwa ya same ta. Na ɗaga sanda da hagu, na kama daga inda na ajiye:

Gobe ki taka ta wani gida da alheri.

Guɗar da aka yi ban taɓa jin irinta ba. Aisatu na rawa tana kuka, uwarta na kuka, Madam na ihu tana cewa nata ne, a gidanta yake. Muka yi ta yi, aka ci abinci aka ƙoshi, aka yi la'asar aka dawo. Da rana ta yi sanyi na ga ya isa, na ɗaga ƙwarya, na zubar da ruwa, na rera sallama yadda aka saba.

Ba wadda ta motsa. Na ɗauka ba su ji ba, na sake rerawa. Suka zauna daram suna kallona, wasu na danne dariya. Sai Hajiya Dija ta miƙe ta riƙe ƙugu.

"Yau ba inda za mu. Kowa ta bar mijinta yana gadin gida. Tashi-Biki, wannan kam ba ki isa ki tashe shi ba."

Tun zamanin kakata ban taɓa jin an mayar da ruwan da aka zubar ba. Na dubi 'yan amshina, na dubi Madam, na goge idona da bakin zani. Na ce a ɗebo wani ruwan.